Tsoron Rushewa: Yadda Amurka Ta Gina Ƙwallon Ƙafarta

Duk mai bin ƙwallon ƙafa da ya waiwayi Amurka, abubuwa biyu za su ɗaure masa kai. Tawagar matan ƙasar ta ɗauki kofin duniya sau huɗu, babu ƙasar da ta kamo ƙafarta, amma tawagar maza daga 1930 har zuwa gasar Qatar ta 2022 ba ta sake leƙa wasan kusa da na ƙarshe ba. Sannan babbar gasar ƙasar, MLS, tana da ƙungiyoyi 30, ta jawo Beckham, ta jawo Messi, amma ƙungiyar da ta ƙare kaka a ƙasan teburi babu inda za ta faɗa, baɗi tana nan daram. Masu gajeren bayani sukan ce Amurkawa ne ba su iya ƙwallo ba, ko kuma wasan baƙo ne a wurinsu. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Abin da na fahimta shi ne sau biyu ƙwallon ƙwararru tana tashi a Amurka tana rushewa, kuma waɗanda suka gina ta karo na uku tsoron rushewa ne ya zana musu kowane ɗaki na ginin. Sun yi nasarar kare kuɗin masu zuba jari. Wanda aka bari da biyan farashin shi ne yaron da iyayensa ba su da hali.

Wasan ya shiga Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, a hannun 'yan ci-rani daga Sikotland da Ingila da Ailan da suka je aikin masaƙu da masana'antun ƙarfe. Garin Kearny na jihar New Jersey, inda wani kamfanin zare na Sikotland ya kafa masana'anta ya kwaso ma'aikatansa, da Fall River na Massachusetts, da St. Louis inda coci-cocin Katolika suka riƙe wasan a unguwanni, su ne cibiyoyin farko. An kafa hukumar ƙwallon ƙasar a 1913, FIFA ta karɓe ta a 1914, kuma a wannan tsakanin aka fara kofin ƙalubale na ƙasa wanda har yau ake bugawa da sunan U.S. Open Cup. A 1921 aka kafa lig ta ƙwararru mai suna American Soccer League, kuma ba ƙaramar gasa ba ce. Kamfanoni irin su Bethlehem Steel suna ba ɗan wasa albashin ƙwallo su haɗa masa da aiki a masana'anta, abin da ya sa 'yan wasan Sikotland suka riƙa tsallaka teku har hukumomin Turai suka kai kuka gaban FIFA a 1927. Archie Stark ya ci ƙwallo 67 a kakar 1924 zuwa 1925. Mai ƙungiyar Fall River kuwa, da ya ga dokar Massachusetts ta hana wasa ranar Lahadi, sai ya gina filinsa a tsallaken iyaka cikin jihar Rhode Island, domin ranar ce ma'aikatan masaƙa ke da hutu.

Rigima ce ta fara kayar da ita. A 1928 masu lig suka ga kofin ƙalubale yana katse musu jadawali, yana sa su doguwar tafiya don karawa da ƙananan ƙungiyoyi babu riba, sai suka hana ƙungiyoyinsu shiga. Ƙungiyoyi uku, har da Bethlehem Steel, suka yi kunnen uwar shegu suka shiga. Lig ta dakatar da su, hukuma ta haramta lig ɗin, aka kafa gasar kishiya, 'yan kallo suka rabu gida biyu. Sai a watan Oktoban 1929 aka sasanta, kuma a cikin watan ne kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe. Masana'antun da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi suka shiga halin ni-'yasu, ma'aikatan da ke biyan kuɗin ƙofa suka rasa aiki. Bethlehem Steel ta watse a 1930, lig ɗin ta bi bayanta a 1933. Dama dokar 1924 ta riga ta rage shigar baƙi daga Turai, su ne kuwa masu wasan da masu kallonsa.

'Ya'yan waccan lig ɗin ne suka je Yurugwai a 1930, suka ci Beljiyam 3-0, suka ci Faraguwai 3-0 inda Bert Patenaude ya zura ukun duka, kafin Ajantina ta lallasa su 6-1 a wasan kusa da na ƙarshe. Bayan shekara 20, ranar 29 ga Yunin 1950 a Belo Horizonte na Burazil, ragowar wannan al'ada ta yi abin da har yau ake ba da labari. Ingila ta zo gasar duniya karo na farko, tana ɗaukar kanta uwar wasan. Golan Amurka, Frank Borghi, direban motar ɗaukar gawa ne a St. Louis. Walter Bahr malamin makaranta ne. Joe Gaetjens, haifaffen Haiti, ɗalibi ne mai wanke kwanuka a wani gidan abinci a New York. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Bahr ya sheƙa ƙwallo daga nesa, Gaetjens ya yi tsalle ya shafe ta da ka, ta canja hanya ta wuce golan Ingila. A haka aka tashi, 1-0, 'yan kallo suka ɗauki Gaetjens a kafaɗa. Ɗan jaridar Amurka ɗaya tak ya je kallon wasan. A gida labarin bai tayar da ƙura ba, kuma sai da aka yi shekara 40 kafin Amurka ta sake zuwa gasar duniya. Shi Gaetjens ya koma Haiti, 'yan bangar gwamnatin Duvalier suka kama shi a 1964, ba a sake ganinsa ba.

Tashi na biyu ya fi na farko armashi, faɗuwarsa kuma ta fi ciwo. An kafa North American Soccer League a 1968, tana ta ɗingishi har 1975 lokacin da New York Cosmos, da kuɗin kamfanin Warner, ta ɗauko Pelé. Beckenbauer ya biyo baya, Cruyff da George Best suka shiga wasu ƙungiyoyin. A 1977 mutum fiye da dubu 77 suka cika fili don kallon Cosmos. Kowane attajiri ya so ya samu tasa Cosmos ɗin, lig ta kumbura zuwa ƙungiyoyi 24 a 1978, kowa yana kashe kuɗin da ba ya samu wajen sayen tsofaffin taurari, babu iyaka a kan albashi, kuɗin talabijin da ake jira kuma bai zo ba. Daga 24 aka sauko 14 a 1982, aka sauko 9 a 1984, daga nan sai rufe shago. Abin da ta bari shi ne miliyoyin yara da suka fara buga ƙwallo a unguwannin masu hali, da kuma darasin da ya zauna a ƙwaƙwalwar duk wanda ya yi asara a cikinta.

Kofin duniya na 1994 ne ya sake buɗe ƙofa. FIFA ta ga yadda aka cika filaye a wasannin ƙwallo na Olamfik ɗin Los Angeles a 1984, sai ta ba Amurka gasar ranar 4 ga Yulin 1988, da sharaɗin ta kafa lig ta ƙwararru. Kafin gasar ta zo, a 1989, Paul Caligiuri ya ci Trinidad da Tobago ƙwallon da ta kai Amurka gasar 1990, ta kuɓutar da ita daga kunyar karɓar baƙuncin gasar da ta shekara 40 ba ta halarta ba. Gasar 1994 ta tara 'yan kallo kusan miliyan 3.6 a wasanni 52. Mu a nan ba ma mantawa da ita, domin a Dallas ne Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka bayan ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar duniya, kuma kocin da ya kai Amurka zagaye na biyu a shekarar, Bora Milutinović, shi ne ya jagoranci Super Eagles a Faransa a 1998.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da wannan zuciyar aka kafa MLS, wadda ta fara wasa a watan Afrilun 1996 da ƙungiyoyi 10. Dabarar ita ce a mayar da lig ɗin gaba ɗaya kamfani guda. Wanda ake kira mai ƙungiya, a takarda ɗan hannun jari ne a kamfanin lig, an ba shi izinin gudanar da ƙungiya a wani birni. Ɗan wasa da lig yake sa hannu a kwantiragi. Da haka aka hana ƙungiyoyi yin gasar tayi a kan ɗan wasa ɗaya har albashi ya gagari kowa, kamar yadda aka yi zamanin Cosmos. Akwai kuma fa'ida ta shari'a: dokar Amurka ta haramta wa kamfanoni haɗa baki don danne farashi, amma da wuya a tuhumi kamfani ɗaya da haɗa baki da kansa. 'Yan wasa sun kai ƙara a 1997, suka sha kaye, suka ɗaukaka, suka sake shan kaye a 2002. Sai a 2015 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ya fara samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so a cikin lig, shi ma da sharuɗɗan shekaru.

Sauran ƙa'idojin daga wasannin da Amurkawa suka saba da su aka aro su, wato ƙwallon kwando da besbol da zari-ruga irin tasu. Kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe a albashi. Duk shekara ana zaman zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, kuma waɗanda suka fi rauni bara su ke fara zaɓa. An raba ƙungiyoyi gabas da yamma saboda girman ƙasar, kuma wanda ya fi kowa maki ba shi ne zakara ba, sai an yi wasannin sili-ɗaya-ƙwale a ƙarshen kaka. Magoya baya ne da kansu suka tara kuɗi suka ƙera garkuwar da ake ba wanda ya fi maki. A shekarun farko har dokokin wasan aka taɓa: agogo yana ƙirga daga 45 zuwa sifili, kuma in an tashi canjaras sai a ajiye wa ɗan wasa ƙwallo yadi 35 daga raga, a ba shi daƙiƙa biyar ya ruga ya ci gola. Wannan bai jawo waɗanda ba su damu da ƙwallo ba, ya kuma kori waɗanda suka san ta. An soke shi bayan kakar 1999.

Duk da wannan taka-tsantsan, saura ƙiris lig ɗin ta mutu. A farkon 2002 aka rufe ƙungiyoyi biyu na Florida, kuma akwai lokacin da mutum uku ne ke riƙe da ƙungiyoyi goman da suka rage: Philip Anschutz shida, iyalan Lamar Hunt uku, Robert Kraft ɗaya. Abin da ya cece ta ba shi da ƙyalli. Ƙungiyoyi suna hayar manyan filayen zari-ruga, mutum dubu 15 a wurin da ke cin dubu 70, kuɗin ajiye mota da na abinci duk na mai fili ne. Hunt ya gina wa Columbus filinta na kanta a 1999, madaidaici, kuma sannu a hankali saura suka bi sahu. A 2007 aka sassauta ƙa'ida don Beckham: kowace ƙungiya za ta iya ɗaukar wasu 'yan wasa ƙalilan ta biya su abin da ta ga dama daga aljihunta. Ta wannan ƙofar Obafemi Martins ya je Seattle a 2013, Drogba ya je Montreal. A cikin kwantiragin Beckham akwai damar sayen sabuwar ƙungiya a kan dala miliyan 25, ita ce ta zama Inter Miami, wadda ta ɗauko Messi a 2023.

Wanda ke son sanin dalilin da ya sa babu faɗuwa gasar 'yan dagaji, ya dubi kuɗin shiga lig. Toronto ta biya dala miliyan 10 ta shiga a 2007. New York City ta biya miliyan 100. San Diego, wadda ta fara wasa a 2025, ta biya miliyan 500. Kujera ce ake saya, kuma babu attajirin da zai ba da rabin biliyan sannan ya yarda kaka ɗaya mara kyau ta jefa shi ƙasa. Adalci ne a faɗi cewa tsarin ya yi aikin da aka gina shi dominsa. Lig ta kai shekara 30, abin da magabatanta biyu ba su kusanta ba. Ɗan wasa yana karɓar albashinsa a kan lokaci. Ƙungiyar ƙaramin birni tana iya ɗaukar kofi, ba kamar wasu gasannin Turai da tun kafin a fara an san zakara ba.

Sai dai akwai abin da aka rasa, kuma a ganina babba ne. Ƙungiyar da mutanen gari suka kafa da guminsu, komai ƙwazonta a fili, ba ta da hanyar hawa sama sai in ta samu biloniya. Ƙungiyar da ke sama kuma ba ta garin ba ce: bayan kakar 2005 an kwashe 'yan wasa da kocin San Jose an mayar Houston, kuma a 2017 mai gudanar da Columbus ya nemi ya tafi da ita Austin, sai da magoya baya da hukumomin jihar Ohio suka tashi tsaye har kotu sannan ta tsira. Ƙungiyoyi biyu na ƙananan gasanni sun kai batun hawa da faɗuwa kotun wasanni ta duniya, aka kori ƙararsu a 2020. Wuri ɗaya da ƙanana ke haɗuwa da manya shi ne tsohon kofin ƙalubale, kuma rabon da ƙungiyar da ba ta MLS ba ta ɗauke shi tun Rochester a 1999. A watan Disambar 2023 MLS ta sanar cewa za ta janye manyan ƙungiyoyinta daga kofin saboda cunkoson jadawali, kusan hujjar da aka kawo a 1928. Hukuma ta ƙi amincewa, aka ƙare da tura ƙungiyoyi takwas kacal a 2024.

Ita hukumar, U.S. Soccer, ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Amurka ba ta da ministan wasanni. Dokar 1978 ta miƙa kowane wasa ga ƙungiya mai zaman kanta, wadda ke neman kuɗinta daga talabijin da tallace-tallace da tikiti da rajistar 'yan wasa. Wakilan ƙwallon yara, da na manya masu buga wa don sha'awa, da na ƙwararru, da 'yan wasa da kansu ne ke zaɓen shugaba, kuma 'yan wasan ke da kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'a. Wannan ya raba ta da katsalandan ɗin 'yan siyasa, amma ya jefa ta hannun wanda ke da kuɗi. Shekara kusan 20, har zuwa ƙarshen 2022, kamfanin talla na masu MLS ne ke sayar da haƙƙin nuna wasannin tawagogin ƙasa, yayin da shugaban MLS, Don Garber, ke zaune a majalisar gudanarwar hukumar da ya kamata ta sa wa lig ɗinsa ido.

Tawagar maza ta zauna a tsaka-tsaki. A 1998 ita ce ta ƙarshe cikin 32. A 2002 ta doke Fotugal 3-2 da Meziko 2-0, Jamus ta cire ta da ƙyar 1-0 a kwata-fainal, wasan da har yau Amurkawa ke ƙorafin ƙwallon da Torsten Frings ya tare da hannu a kan layi. Ta doke Sifaniya 2-0 a gasar zakarun nahiyoyi ta 2009. Gana ta fitar da ita daga gasar duniya a 2006 da 2010, ta rama a 2014. Ko a gida ba kullum take gida ba: a wasan ƙarshe na kofin yankin a 2011, mutum fiye da dubu 90 a filin Rose Bowl mafi yawansu Meziko suke goya wa baya. Shi ya sa hukumar ta daɗe tana kai wasan neman gurbi da Meziko garin Columbus mai sanyi, inda aka ci 2-0 sau huɗu a jere. Ranar 10 ga Oktoban 2017 kuma, a wani ƙaramin fili a Couva, Trinidad da Tobago wadda ta riga ta fita ta ci Amurka 2-1, alhali canjaras kawai take buƙata. Ta rasa gasar 2018. Daren nan ne ya tilasta wa mutane tambayar da aka daɗe ana kauce mata: ƙasa mai mutum fiye da miliyan 330, ina 'yan wasanta suke?

Amsar tana ƙasa, wurin yara. A mafi yawan duniya yaro mai baiwa dukiya ne: ƙungiya ta ɗauke shi kyauta, ta horar da shi, in an sayar da shi ta ci riba, kuma dokar FIFA ta ce a ba kowace ƙungiyar da ta raine shi wani kaso. A Amurka an daɗe ba a aiki da wannan doka. Tunda ƙungiyar yara ba za ta samu ko sisi ba in yaronta ya zama tauraro, kuɗinta daga aljihun iyaye yake fitowa. Iyali su biya dubban daloli a shekara na rajista da koci da kayan wasa, ranar Juma'a da yamma a loda yara a mota a yi tafiyar awanni zuwa wata jiha, a kama ɗakin otal kwana biyu, a buga wasa uku ko huɗu, ranar Lahadi a juyo. Uwar da ke aikin dare a gidan abinci ba ta da kuɗin, ba ta da motar, ba ta da hutun. Kocin kuma ya san iyaye ne abokan cinikinsa, kofi suke son gani, don haka zai fi son yaro mai jiki da gudu wanda zai ci masa wasa yau a kan ɗan tsurut mai basira da sai an jira shi. Clint Dempsey, wanda ya ci wa ƙasar ƙwallo 57, ya tashi a gidan marasa ƙarfi a Nacogdoches ta Texas, iyayensa suna tuƙa shi awa uku zuwa Dallas don atisaye, kuma akwai lokacin da kuɗi ya gaza ya dakata. Shi ya tsallake. Yaran 'yan Meziko da 'yan Afirka da ke cika filayen unguwa duk Lahadi a gasannin da ba su da rajista da hukuma, mafi yawansu babu mai farautar 'yan wasa da ya taɓa tsayawa ya kalle su. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk tsarin.

Burin iyayen da ke biya ma yawanci gurbin karatu kyauta ne a jami'a, kuma ƙwallon jami'a wata uku zuwa huɗu ake bugawa a shekara. Daga shekara 18 zuwa 22, lokacin da sa'ansa a Turai ko Kudancin Amurka ke gogayya da manya duk mako, ɗan Amurka yana buga ɗan gajeren zango ya koma aji. An fara gyara. Tun daga 2007 ƙungiyoyin MLS suka shiga kafa makarantun horar da yara, yawancinsu kyauta, kuma daga can Weston McKennie da Tyler Adams da Ricardo Pepi suka fito. Da McKennie ya bar Dallas ya tafi Schalke ba a biya komai ba, masu lig suka ji a jikinsu, kuma a 2019 suka fara neman kuɗin raino. Amma ƙungiyoyi 27 ne a cikin Amurka, ƙasa mai faɗin nahiya, sauran ukun suna Kanada. Christian Pulisic ya tafi Dortmund yana ɗan 16 ne saboda yana da fasfon Kuroshiya ta wajen kakansa. Folarin Balogun, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da Yunus Musah, ɗan iyaye 'yan Gana, a New York aka haife su amma makarantar Arsenal ce ta horar da su.

Labarin mata ya bi wata hanya dabam, kuma doka ce ta share ta. A 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar ilimi mai sashe na 9, wanda ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Babbar jami'a ta daɗe, har zuwa 2025, tana ba 'yan zari-ruga maza gurbin karatu har 85, don haka dole ta nemi wasan mata mai cin mutane da yawa don ta daidaita, ƙwallon ƙafa kuwa ba ta da tsada. 'Yan matan sakandare masu buga ƙwallo ba su kai dubu ɗaya ba a farkon shekarun 1970, kafin 2020 sun doshi dubu 400. A daidai lokacin, Ingila ba ta daɗe da ɗage haramcin da ta sa wa mata tun 1921 ba, Burazil kuwa sai 1979 ta ɗage nata. Jami'ar da ke tauye maza ita ce ta zame wa mata makarantar ƙwallo mafi kyau a duniya, domin babu wata ƙasa da ke da kamarta. Jami'ar North Carolina ita kaɗai, ƙarƙashin Anson Dorrance, ta yaye Mia Hamm da Kristine Lilly da wasu da dama.

Matan Amurka sun ɗauki kofin duniya na farko a Sin a 1991, Michelle Akers ta ci ƙwallo 10. A 1996 sun ɗauki zinaren Olamfik a garin Athens na jihar Georgia, a filin da Kanu da Amokachi da abokansu suka ɗauki nasu bayan kwana biyu. A 1999 Super Falcons suka fara zura musu ƙwallo a Chicago kafin su farfaɗo su ci 7-1, kuma mutum 90,185 suka kalli wasan ƙarshe da Sin, inda suka ɗauki kofin. Suka ƙara a 2015 da 2019. Duk da haka lig ɗinsu ta ƙwararru sau biyu tana mutuwa kafin NWSL ta fara a 2013, kuma binciken 2022 ya bankaɗo cin zarafin 'yan wasa da wasu koci-koci suka daɗe suna yi, shugabanni suna kawar da kai. Batun albashi ma sai da aka je kotu. 'Yan wasa 28 suka maka hukumar a 2019, lauyoyinta suka rubuta cewa aikin mata bai kai na maza buƙatar ƙwarewa ba, abin da ya ci kujerar shugabanta Carlos Cordeiro. An sasanta a kan dala miliyan 24 a 2022. Tushen giɓin yana wurin FIFA: Faransa ta samu miliyan 38 da ta ci kofin maza a 2018, matan Amurka suka samu miliyan 4 a 2019. Mafitar da aka samu, a shugabancin tsohuwar 'yar wasa Cindy Parlow Cone, ita ce tawagogin biyu su haɗa kuɗin kyautarsu su raba daidai. Maza sun amince da hakan, kuma sun cancanci yabo.

Fifikon mata ya fara raguwa tun da Barcelona da Lyon da Chelsea suka fara raino 'yan mata daga ƙuruciya kyauta, kamar yadda suke yi wa maza. A gasar duniya ta 2023 Suwidin ta cire Amurka a zagayen 'yan 16, karo na farko da ta kasa kaiwa wasan kusa da na ƙarshe, ko da yake ta dawo ta ɗauki zinaren Olamfik a 2024 a hannun Emma Hayes. Kasuwar duniya tana matsa wa tsarin lamba, kuma ɓangaren mata ne ya fara sassautawa: a 2024 NWSL ta soke zaɓen 'yan wasa daga jami'a, ta ba kowace 'yar wasa 'yancin zaɓar ƙungiya, a shekarar da Asisat Oshoala da Barbra Banda da Temwa Chawinga suka shigo daga waje.

A ɓangaren maza ƙalubalen daga ƙasa yake tasowa. A 2025 ƙungiyoyin USL, masu riƙe da mataki na biyu da wani ɓangare na na uku, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da hawa da faɗuwa a tsakaninsu, kuma suna shirin kafa lig mai matakin farko da za ta yi kafaɗa da kafaɗa da MLS. Hukuma ce ke ba da lasisi, kuma ƙa'idojin da ta gindaya a 2014 sun ce lig ta matakin farko sai tana da aƙalla ƙungiyoyi 12, kowane fili ya ci mutum dubu 15, kashi uku bisa huɗu na ƙungiyoyin su kasance a biranen da suka kai mutum miliyan ɗaya, babban mai ƙungiya kuma ya mallaki dukiyar dala miliyan 40. Ƙungiyar ƙaramin gari da ta ci gasarta a fili za ta iya tarar da ba ta cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan fili da na dukiya ba, sai in hukumar ta yarda ta sake rubuta su.